Mutum Biyu Na Tura wa Hoton

Mabera, Sakkwato
28 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya ɗalibai, ya zafin ƙauye? Ina fata ciwon ƙafar nan bai sake tasowa ba. Mu nan lafiya muke, sai kewarka da ta yi mana yawa.

Kada ka yi dariya da ka ga takarda. Tun da ka koma makarantarku bayan Salla sau biyu kacal na ji muryarka, duka biyun kana kan tudun kasuwa kana neman sabis, iska tana kwashe rabin maganar. Audi direba ya ce duk Litinin yana shiga garinku, sai na tuna ni ma na yi makaranta, na sayi biro.

Labarin mutuniyarka zan ba ka. Ka san ba zan rubuta sunanta ba ko a takarda. Ɗiyar fari ce, kuma sunan Hajiyarka ta ci, kunyar ta zama biyu. Maman Joy maƙwabciyarmu har yau tana yi mini tsiya, wai wata bakwai da haihuwa, ga mu katanga ɗaya, ba ta taɓa jin na kira sunan ɗiyar da na haifa ba, sai dai in ce Hajiya Ƙarama.

Ƙurajen kunzugun nan da ka bari sun ƙi tafiya. Ba abin da ban yi ba. Hajiya ta ce man kaɗanya, na shafa. Matan layi suka ce hoda, na barbaɗa har ɗiya ta zama fara fat. Na sauya famfas iri uku, na koma nafkin na tsumma ina wanki sau huɗu a rana, hannuna har ya yi kanta. Ga zafin nan da ka sani, ga wuta ba ta zama. Duk lokacin da ta yi fitsari sai ta ƙanƙame jiki ta fasa kuka, ni kuma in tsaya ina kallonta ban san inda zan sa kaina ba.

A makon da abin ya tsananta Maman Joy ba ta gari, ta je Jos duba mahaifiyarta. Na kira ta tun da ita ce ma'aikaciyar jinya, ta ce ba za ta iya cewa komai ba sai ta gani, in ɗauki hoton wurin in tura mata. Wallahi na daɗe ina juya maganar. Ni da ko hoton fuskarta ban taɓa sawa a waya don mutane su gani ba, yau a ce in ɗauki tsiraicinta. Daga ƙarshe na shimfiɗa ta a kan zanen ankon sunanta, na ɗauka daga cibiya zuwa gwiwa, na tabbatar fuska ba ta fito ba. Jigidar nan ta shuɗin duwatsu da Hajiya ta ɗaura mata da hannunta ce kawai ta fito, don na kasa ture ta. Na tura wa Maman Joy, na tura maka kai ma don ka ga abin da ka tafi ka bar ni da shi. Na ga alamar ya shiga wayarka ranar Alhamis ta kasuwa, amma ba ka ce komai ba.

Ranar Juma'a sai ga ƙanwarka Sadiya takanas daga Minanata da wani mai a ƙaramar roba, ba suna ba komai a jiki. Ta ce haɗinta ne, shi take sayarwa a waya yanzu. Na yi mamakin yadda ta san zancen, amma na ce ai Hajiya ce ta gaya mata. Na ji daɗin kulawar, don ka san ba kasafai take tako gidan nan ba. Na shafa. Kwana biyu wurin ya lafa, saura kaɗan in yi guɗa. A kwana na biyar ya dawo fiye da da, ja wur, fata tana saɓulewa, ga ƙananan ƙuraje sun kewaye gefe sun shige har matsematsi.

Allah ya taimake ni ranar Maman Joy ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta shigo ta ƙaramar ƙofar da ke tsakaninmu. Ta duba ɗiya, ta shinshina man Sadiya, ta ce in ajiye shi nesa, don da alama an cuɗa shi da irin man nan mai ƙarfi na manya wanda ke kwantar da ja na ɗan lokaci ya bar cutar tana ci ta ƙasa. Washegari ta raka ni asibitinsu. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce mai son damshi, dangin makero, ya rubuta man shafawa safe da yamma. Aka hana ni hoda da tsumman goge-gogen nan mai ƙamshi, sai ruwan ɗumi zalla, a tsane wurin a hankali, a bar ta ba kunzugu ta sha iska. Yanzu haka tana kan tabarma tsirara tana ta harba ƙafa, ta jiƙa mini zane biyu tun safe, kuma ban taɓa murna da wanki irin yau ba.

Ban gaya wa Sadiya manta ya ƙara ɓata wurin ba, don kada ta ji kunya. Kai ma kada ka gaya mata.

Na haɗa wa Audi yaji da kuka da ɗan soyayyen nama, kada ka raba wa malamai duka kamar yadda ka saba. Hajiya tana gaishe ka. Baban Joy ma ya ce a gaishe ka, ya gyara mana ƙafar gadon nan. Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai lafiya.

Taka har kullum,
Zahra'u

Mabera, Sakkwato
12 ga Mayu

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ina fata saƙon wancan karon ya isa hannunka. Jikinmu lafiya, Hajiya Ƙarama ta warke sarai, fatar ta dawo sumul kamar ba a yi ba. Wannan ne kawai labari mai daɗi da ke cikin takardar nan, don haka na fara da shi.

Malam, an ci amanata, kuma ɗiyarka aka ci da ita.

Ranar Laraba na je unguwar Gidan Dahala sunan jikar Inna Tani, ƙanwar Hajiya. Gida cike da mata, ana rabon waina. Na lura tun shigata wasu suna kallona suna kallon bayana inda na goya ta, amma na ɗauka sabon mayafina ne. Can Inna Tani ta ja ni ɗaki ta miƙo mini wayarta. Hoton nan ne. Wanda na ɗauka da hannuna. An rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa haka wurin yake kafin a shafa mai, a ƙasa kuma ga lambar wata mai sayar da magani da ban taɓa jin sunanta ba. Ta ce a guruf ɗin matan unguwarsu aka turo shi, kuma ta gan shi a wani guruf ɗin daban.

Na ce a raina ai ba fuska, wa zai gane? Ashe ni ce ban yi tunani ba. Zanen da na shimfiɗa ankon sunanta ne, kuma rabin matan da ke tsakar gidan nan suna da irinsa a akwati, mu muka raba musu shi. Jigidar kuwa kowa a danginku ya san ta, tun da ita Hajiya ta ɗaura wa Sadiya tana jaririya kafin ta ɗaura wa takwararta. Ba wadda ta buƙaci fuska. Tun kafin in iso an gama maganar.

Hajiya ba ta jira mun koma gida ba. A gaban Inna Tani ta wanke ni tas. Ta ce ita ta haifi bakwai ba ta taɓa buɗe ɗanta ga baƙo ba, mu iyayen zamani komai sai mun nuna wa waya. Ta ce na tona wa mai sunanta asiri. Ni na ɗauki hoton, kuma ba zan ɗaga wa mahaifiyarka murya ba. Na kwance goyon na rungume ta a ƙirji a gaban surukaina, abin da ban taɓa yi ba, na fito ko takalmina ban sa daidai ba.

Da na iso gida na yi kuskuren neman tallar a shafukan sada zumunta. Na same ta. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wasu suna tambayar kuɗin man, wasu suna zagin uwar yarinyar, wai ƙazama ce, wai tana can tana danna waya ta bar ɗiya cikin kashi. Waɗannan ban damu da su sosai ba. Akwai wasu maza biyu da suka rubuta abin da ba zan iya maimaita maka ba, a kan jaririya 'yar wata bakwai. Tun ranar in zan sauya mata kunzugu sai na rufe taga, alhali ba kowa a gidan sai ni.

Mutum biyu na tura wa hoton nan a duniya, kai da Maman Joy. Kai ubanta ne, ba ka cikin lissafi. Saboda haka na shiga gidanta ban yi sallama ba, na same ta tana tsefe wa Joy kai. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na tuna na ce ashe haka suke yi da hotunan marasa lafiya, na ce na ɗauke ta 'yar'uwa ashe kasuwa take ci da ni. Ta miƙo mini wayarta ta ce in duba da kaina, ta rantse ta goge shi tun ranar da ta gani. Na ƙi karɓa. Na ce wanda ya iya sayarwa ai ya iya gogewa. Na dawo na kwashe kwanukanta da ke wurina na ajiye mata a bakin ƙofa, na sa sakata a ƙaramar ƙofar nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ta warkar da ɗiyar. Matar da ta zauna da ni ranar naƙuda kana hanya, matar da ke aiko mana da abinci duk Kirsimeti mu aika mata da naman layya. Na rasa yadda mutum ɗaya zai yi duka biyun. Ina jin kukan Joy ta katanga tana son zuwa wurin Hajiya Ƙarama ana hana ta.

Don Allah ka ba Audi amsa ya dawo mini da ita. Ka gaya mini abin da zan yi, kaina ya kulle. In da hali ka zo ko na kwana ɗaya ne. Ka yi mana addu'a, Allah ya rufa wa ɗiyarmu asiri.

Matarka,
Zahra'u

Mabera, Sakkwato
19 ga Mayu

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka wuni lafiya, ya fama da jarrabawar ɗalibai? Takardarka ta iso ranar Talata, na karanta ta ya fi sau biyar. Na gode da lallashin. Na ji ka ce in yi haƙuri in bar wa Allah, in daina bin zancen don kada ya ƙara yaɗuwa, kuma in rage shiga harkar Maman Joy tun da abin ya zama haka. Na ji ba za ka samu zuwa ba sai an yi hutu. Allah ya kai mu.

Na bi maganarka ta wajen Maman Joy, sakata tana nan yadda na sa ta. Amma ta wajen bin zancen, ka yafe mini, na kasa.

Ranar Alhamis da safe ina shara na tsinci takarda an turo ta ƙarƙashin ƙaramar ƙofar. Rubutunta ne. Ba gaisuwa, ba ƙorafi, ba ta ma sa suna ba. Ta rubuta mini dalla-dalla yadda ake kai ƙarar hoton yaro a kowane shafi don a sauke shi, inda zan danna da abin da zan zaɓa. A ƙasa ta ƙara da cewa in ci gaba da barin ɗiya tana shan iska ko da ta warke, don zafi bai wuce ba. Na zauna a kan turmi riƙe da takardar nan har rana ta iso ni. Mai laifi yana yin haka?

Na bi abin da ta rubuta. An sauke guda biyu. Kafin Asabar wasu uku sun fito, kowanne da lambar mai sayarwa daban, ɗaya ma sabulu take talla da shi. Wanda ke cikin guruf-guruf kuwa ba mai iya cire shi, yana cikin wayoyin mutanen da ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Wannan tunanin ne ke hana ni cin abinci.

Sai na shiga kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya kamar mai son saye. Ta farko ta kashe waya da na tambayi inda ta samo hoton. Ta biyu ta zage ni. Ta uku wata baiwar Allah ce daga Gusau, da na gaya mata ni ce uwar sai ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ita ma kwafowa ta yi daga shafin wata mai haɗa man jarirai a nan cikin Sakkwato. Ta ce asalin tallar hoto biyu ne a jere, ita ta yanke ɗaya. Ta yi alkawarin nemo mini shi ta turo.

Ban san wane hoto ne na biyun ba, tun da ɗaya na ɗauka. Malam, don Allah ka tuna da kyau, ko akwai wanda ya ari wayarka a can, ko ka ba da ita caji a kasuwa? Na san yadda kake sake da mutane. Ba zarginka nake ba, so nake in san ta inda aka shigo mana.

Hajiya Ƙarama ta fara rarrafe da baya, haƙori ɗaya ya leƙo. Tana gaishe ka da yawu mai yawa. Allah ya bar mu tare.

Taka,
Zahra'u

Mabera, Sakkwato
26 ga Mayu

Malam Bashar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya muke. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wadda ta fi ta.

Matar Gusau ta cika alkawari ranar Talata da hantsi. Na ga tallar yadda aka fara yin ta. A hagu hoton da na ɗauka. A dama ɗiyarka ce da fuskarta, cikin rigar Salla ruwan ƙwai, tana dariya a kan cinyarka ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida. Hannunka ya fito, da zoben azurfarka. Kai ka ɗauki hoton nan da wayarka ranar Salla bayan an sauko idi. Sau uku na roƙe ka ka turo mini shi kana cewa sai ka samu sabis. Ni uwarta ba ni da shi, Maman Joy ba ta taɓa ganinsa ba. An rubuta a kansa wai bayan kwana uku da shafa mai ke nan, alhali an ɗauke shi tun kafin a haɗa man. A ƙasa kuma an rubuta cikakken sunanta da naka, an ce ɗiyar yayan mai shafin ce, don masu saye su yarda ba ƙarya.

Na goya ta na hau Keke Napep zuwa Minanata. Na samu Sadiya tana ɗura mai a robobi. Ban zage ta ba, na nuna mata kawai. Ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba, ai da izini ta yi. Da ta ga ban yarda ba sai ta kunna mini saƙon murya. Na ji hayaniyar kasuwa, na ji iskar tudun nan da ke kwashe rabin maganarka in ni kake kira. Wannan karon ba ta kwashe komai ba. Ka ce: “Ki sa mana, ai jinjira ta, mi tas sani? Ga wani nan mai kyawo na ƙara miki. Kada dai ki hwaɗa ma uwatta.”

Na sa ta maimaita shi sau biyu, don kada wata rana in ce kunnena ne.

Da a ce ka tura mata hoton don neman magani ne kawai, da na fahimta, uba ne ya ga ɗiyarsa cikin ciwo. Da a ce ka ba ta izini cikin rashin tunani, da na yi fushi na huce, don na san ba ka iya ce wa Sadiya a'a tun tana ƙarama. Amma ka ce kada a gaya mini, wato ka san abin da zan ce. Sannan na rubuto maka ina kuka, na gaya maka abin da aka rubuta a kan ɗiyarka, na gaya maka mahaifiyarka ta wanke ni a gidan suna, na gaya maka na ci mutuncin matar da ba ta yi mana komai ba sai alheri. Ka karanta duka. Ka ɗauki biro ka rubuto mini in rage shiga harkar Maman Joy. Wannan layin ne na kasa haɗiyewa, Malam. Na ce ba ka cikin lissafi, ka bar ni a haka.

Sadiya ta sauke tallar a gabana, tana gunaguni wai na ɓata mata kasuwa. Na gaya mata abin da na ɓoye don kada ta ji kunya, cewa manta ne ya saɓule wa ɗiyar fata, kuma duk uwar da ta saya saboda hoton nan ɗanta zai sha abin da tawa ta sha. Ban san ko ta ji ba. Saukewar ma ba ta da wani amfani yanzu, abin ya riga ya bar hannunta.

Kafin in iso gida ta kira Hajiya. Washegari Hajiya ta aiko in zo Gidan Dahala. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni, ko da a kaikaice ne irin na manya. Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo mini fura, ta yi mini magana mai laushi. Ta ce abin da ya faru ya faru, na gida ne, a rufa wa juna asiri. Ta ce kada in kai zancen waje, musamman wurin maƙwabciyar nan, tun da an riga an ɗauka ita ce a bar shi a haka, lokaci zai shafe. Na dubi matar da ta ce na tona wa mai sunanta asiri, yau tana neman zanen da za ta lulluɓe ɗanta mai gemu da ɗiyarta uwar 'ya'ya uku, jaririyar kuwa tana can tsirara a wayoyin duniya. Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba.

Daga can ban shiga gidanmu ba, ƙofar Maman Joy na ƙwanƙwasa, ta babbar ƙofa, da sallama. Na durƙusa a tsakar gidanta a gaban Baban Joy na faɗi komai, da sunanka da na Sadiya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta karɓi ɗiyar daga bayana, ta kwance kunzugun ta duba, ta ce wurin ya yi kyau. Ta ce ta yafe. Amma ta gaya mini maganar ta riga ta kai asibitinsu ta bakin wata 'yar unguwar nan, har shugabarsu ta kira ta ta yi mata tambayoyi a kan hotunan marasa lafiya. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nan ba a taɓa kiran ta a kan irin wannan ba. Gobe zan bi ta can in faɗa da bakina. Na cire sakatar, Joy ta dawo wasa, amma uwarta da ke ce mini ƙanwata yanzu Maman Baby take ce mini, kuma sai ta yi sallama kafin ta shigo. Ni na jawo wannan da bakina, ba zan ɗora maka shi ba. Naka daban ne.

Ba yaji zan yi ba, ina nan ɗakina. In ka zo hutu za ka samu abincinka da ruwan wankanka. Amma kafin ka zauna, za ka shiga gidan Baban Joy ka faɗa musu abin da na faɗa, da bakinka. Kuma daga yau ba mai sake ɗaga waya a kan ɗiyar nan, ko kai, ko ƙanwarka, ko ni. Wata rana za ta girma ta riƙe waya, wataƙila wani ya nuna mata. Ranar ni zan gaya mata na ɗauka don neman magani. Kai sai ka fara tanadin abin da za ka ce.

Za ka ji wani abu yana motsi a cikin ambulan. Jigidar ce, na tsinke ta yau da safe bayan na yi mata wanka. Da ita aka gane ta, ba za ta sake kwana a jikinta ba. Ka mayar wa Hajiya, ko ka ajiye, duk wanda ka ga dama.

Wata takwas ina kunyar sunan ɗiyar nan. Ban kira shi a gabanka ba, ban kira shi a gaban danginka ba, ko ni kaɗai a ɗaki sai in ce Hajiya Ƙarama. Na ɗauka mutunci nake tsare muku. Yanzu 'yan Gusau sun san shi, masu sayar da sabulu sun san shi, mazan nan biyu sun san shi. Ban ga wanda ya rage in ji wa kunya ba. Ɗazu da ta farka na kira ta da shi, ta waigo ta dube ni, don ba ta taɓa jin sa a bakina ba.

Ka huta lafiya.

Ni ce,
Zahra'u, uwar Hauwa'u